Abin da Zomanya Ke Bar wa 'Ya'yanta

Gidanmu na unguwar Zango warin abu biyu yake yi tun ina yarinya: jabel, ruwan nan na kashe ƙwayar cuta, ta gaba, zomaye ta baya. Gaba ta Baba ce. Majo ne a asibiti, ya yi aikin jinya har kansa ya yi fari, kuma a duniyar nan babu abin da ya tsana irin mikrob. Ba ya cewa ƙwayar cuta, mikrob yake cewa, yana ɗaga yatsa sai ka ce yana hango su a iska. Idan ya dawo daga aiki ba ya taɓa kowa sai ya wanke hannu. Ni ce mai kai masa buta da sabulu bakin ƙofa, don ni ce babba, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. A Damagaram fa, garin da fanfo ke bushewa a bi 'yan garuwa da roƙo, Baba sai ya wanke hannu sau biyu, har gwiwar hannu.

Baya ta Mama ce. Can gindin katanga ta kewaye wuri da zana, ta kafa rumfa, zomaye suka haƙa ramukansu a ƙasa yadda suka ga dama. Da asuba take shiga wurinsu da kwanon dusa da ɗaurin harawa, tana yi musu faɗa ɗaya bayan ɗaya. Hannunta kullum warin wurin yake, harawa da dusa da fitsarin zomo, ko ta wanke ba ya fita duka. A kan hannun nan suka yi ta gardama da Baba har tsufa.

"Don Allah ki wanke hannun nan kafin ki taɓa mini kwano," in ji shi.

"Majo, hannun nan ne ya raini 'ya'yanka, wanne ka ga ya lalace?" in ji ta.

Ita ma Majo take kiransa, kamar mutanen unguwa, amma a bakinta tsokana ce. Shi kuwa ban taɓa ganin ya tsallaka zanar nan ba. Iyakarsa ya tsaya daga nesa ya toshe hanci.

Mama ba ta sayar da zomo. Idan Nowel, wato Kirsimeti, ta zo sai ta kira maƙwabcinmu, Musulmi ne, ya yanka mata, don in an dafa kowa a layin ya iya ci. In kuwa mace ta shigo ta tsaya bakin zana ta ce, "Kai, waɗannan da kyau suke," to ta jawo wa kanta, da mace da namiji za ta fita a kwali. Haka wata tsohuwa mai kawo mana harawa daga ƙauyen Gaffati ranar Alhamis ta samu nata. Inna ta Gaffati muke ce mata. Ita da Mama sukan zauna a tabarma su yi ta hira har a kira azahar, Inna ta tashi ta yi sallarta a ɗakin Mama.

A ƙarshen wata damina Mama ta kwanta, ciwon bai daɗe ba ta rasu. Lokacin duk mun watse. Ƙannena mata suna gidajen mazajensu, autanmu yana jami'a a Yamai yana karatun kiwo. Ni kaɗai nake cikin gari, ina koyarwa a lakwal, sai na riƙa biyowa ta gida kowace safiya in ga yadda Baba ya kwana. Ya riga ya aje aiki, gidan ya yi masa faɗi.

Wata safiya na shigo ban same shi a kujerarsa ba. Can na hango shi cikin zana, tsaye tsakiyar zomaye da kwanon dusa a hannu, bai san ta inda ake farawa ba. Na koma zaure na share hawayena.

To amma Baba Baba ne. Da ya karɓi zomaye, yadda ya riƙe ɗakin marasa lafiya haka ya riƙe su. Ya sa aka cike ramuka, aka shafe ƙasa da siminti, mai walda ya ƙera masa keji na ƙarfe mai gindin raga, kashi yana faɗuwa ƙasa ana sharewa. Kowace safiya ruwan jabel. Wurin ya yi fes, duk wanda ya gani sai ya yaba. Ya yi ne don ƙauna, wannan ko shakka babu. A ganinsa dabbobin matarsa sun cancanci a kula da su kamar mutane.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san zafin garinmu ya san yadda duwatsu ke riƙe rana su sake ta da yamma. A rami zomo yana samun sanyi, a kejin ƙarfe kuwa sai haki. Suka riƙa faɗuwa ɗaya ɗaya. Baba ya rataya jiƙaƙƙun buhuna, ya yi duk abin da ya sani, amma daga ƙarshe zomanya guda ta rage, fara mai baƙin kunne ɗaya, irin zomayen Mama na farko. Da ciki aka bar ta. Ta fige gashin ƙirjinta ta yi sheƙa a akwatin katako, ta haifi shida. 'Ya'yan sun buɗe ido ke nan, wata rana da azahar ita ma ta mutu.

Baba ya ce ba a san abin da ya kashe ta ba, kada ya kama yaran. Ya kwashe su ya sa a kwali mai tsabta, ya ƙona sheƙar duka, gashi da ciyawa da 'yan ƙwayoyin kashin da uwar ta bari a ciki, ya wanke akwatin da jabel ya shanya. Sannan ya ɗauko sirinji marar allura, ya tafasa nonon akuya, ya zauna yana ɗiga musu a baki.

Wallahi sun yi kyau. Suka yi ɓul-ɓul, suka fara tsalle a kwali. Baba ya koma yin wanka da wuri, ya koma raira waƙoƙin majami'a ƙasa-ƙasa. Ina tsaye kansa wata safiya yana ba su nono ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Uwata, in waɗannan suka tafi, shi ke nan babu wani abin uwarku mai numfashi a gidan nan."

"Mu fa, Baba? Mu duwatsu ne?"

"Ku kuna da gidajenku," ya ce.

Na ji haushin maganar, don ni bakina ba ya shiru, amma na san gaskiya ya faɗa. Tufafinta mun raba, kwanukanta mun raba. Abin da ya rage masa shi ne 'yan halittu shida a cikin kwali.

Masifar ta fara ne da suka soma cin ganye. Baba yana sayo salati mai kyau daga masu garka, ya wanke shi cikin ruwan farmanganat, shuɗin ruwan nan da ake wanke salatin mutane, ya ɗauraye ya ba su. Sai cikin ɗaya ya kumbura ya yi tauri, ya daina ci, zawo ya biyo, kafin yamma ya mutu. Baba ya ce mikrob ne, ya ƙara jabel, ya sa safar hannu, ya tafasa har ƙyallen da suke kwana a kai. Na biyu ya bi. Na uku da na huɗu suka tafi kusan tare. Duk wanda ya mutu sai ya naɗe shi a takarda ya binne gindin katanga, ya dawo ya wanke hannu. Waƙar ta tsaya.

Da suka rage biyu na ce a kira auta. Baba ya ce me yaron nan ya sani. Ni ma, gaskiya, ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Mun daɗe muna yi masa tsiya a gida, don da aka tambaye shi abin da yake bincike a kai don kammala karatu, cewa ya yi ƙananan halittu masu yin iskar gas a cikin hanjin zomo. Ƙanwata ta ce, "Wato dai duk wannan tafiya Yamai, tusar zomo ka je karantowa?" Muka yi dariya har da riƙe ciki, Mama tana cewa mu bar mata autanta. Yanzu dai ga mai karatun tusar zomo ya yi rana. Na kira shi, na buɗe muryar waya, na aje ta a kan tabarma tsakanina da Baba.

Ya saurari labarin duka, ya yi ta tambaya. Me suke ci, ina suke kwana, sheƙar uwar fa? Da na ce an ƙona ta sai ya ce:

"Baba, ka yi haƙuri, zan faɗi abin da ba za ka so ba."

"Faɗi."

"A hanjin zomo akwai wata jaka babba, nan ganye ke zuwa ya kwanta. Zomo da kansa ba ya iya narkar da shi. Mikrob ne cike da jakar, iri-iri, su ke yi masa aikin, kamar yadda ƙullu ke kwana ya yi tsami. Suna cikin aikin suna fitar da wata iska. To waɗanda nake bincike a kansu, su ne ke shanye iskar nan su mayar da ita metan, gas mai kama wuta. A cikin saniya suna da yawa, a zomo kaɗan ne, kuma su ne na ƙarshen zuwa, sai sauran sun shiga sun zauna tukuna."

"Duk wannan a cikin lafiyayyen zomo?" in ji Baba.

"Lafiyar ke nan, Baba. Kuma ba a haihuwar ɗan zomo da ko ɗaya. Cikinsa fayau yake zuwa. Uwar ce ke ba shi. Kashin nan da take bari a sheƙa, ba ƙazanta ba ce, yaran suna gutsura kaɗan kaɗan tun kafin su fara cin ganye. In lokacin ganye ya zo, masu aiki suna ciki suna jira."

"Kashi," in ji Baba.

"Kashi, Baba. Ba zan rantse cewa wannan kaɗai ke kashe su ba, ban gan su ba. Amma ganye yana shiga cikin da ba kowa, ko kuma miyagu sun riga na kirki shiga."

Na dubi Baba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da mikrob, yau ɗan cikinsa yana gaya masa rashinsu ne ke kashe masa yara. Bai yi fushi ba. Ya zare safar hannu a hankali ya aje a gwiwa.

"Ni na ƙona," ya ce. "Da hannuna. Abin da ta bar musu ke nan, na ƙona."

"Ba ka sani ba, Baba," in ji auta. "Ni ma sai a nan na sani."

Baba ya ce to a nemo kashin zomo a takarda a ba su. Auta ya ce ba zai yi ba. Da yawa cikin halittun nan, musamman nasa masu yin metan, ba sa jure iskar waje, in kashi ya bushe sun mutu. Mafi ƙarfi ma wani kashi ne mai laushi da zomo ke fitarwa da sassafe, ya sunkuya ya cinye abinsa tun bai taɓa ƙasa ba. Sau nawa na ga zomayen Mama suna wannan sunkuyon, ina zaton lasar jiki suke! Ya ce abin da ya fi shi ne a samu lafiyayyar zomanya mai goyo, wadda aka san asalinta, a kai yaran cikin 'ya'yanta su zauna.

"A kawo ta nan ba za a yi ba?" Baba ya tambaya.

"Da sheƙarta da ƙasarta ake so, Baba. Su za a kai."

Bayan an kashe waya Baba ya daɗe yana kallon kwali. Na ga abin da yake aunawa. In ya riƙe su, a hannunsa za su mutu. In ya kai su, ko sun rayu, gidan ya zama ba kowa. Can ya ce, "Matar nan ta Gaffati, har yanzu tana da na uwarku?"

Tun da ta zo gaisuwar mutuwa ba mu sake ganin Inna ba, ƙafa ta hana ta zuwa kasuwa, kuma ba ta da waya. Washegari da sassafe, kafin rana ta yi zafi, Baba ya fito da tsohon motonsa mai ƙafa biyu, na hau baya da kwali a cinya, an huda masa ƙofofin iska. Muka bar gari, muka wuce duwatsu, gonaki duk a bushe ana jiran ruwa. Ina jin motsin yaran ta jikin kwali. Ɗaya yana motsi da ƙarfi, ɗayan sai na girgiza kaɗan kafin in ji shi.

A Gaffati ba mu sha wuya ba, muna cewa tsohuwa mai zomaye aka nuna mana gidan. Inna ta fito tana dogara sanda, ta ƙura mini ido, sai ta riƙe baki.

"Lale, lale! 'Yar ƙawata ce? Majo, kai ne da kanka? Lafiya dai?"

Aka gaisa, aka sake yi wa juna gaisuwar rashi kamar jiya aka yi. Baba ya buɗe kwali ya yi mata bayani, yana ta kame-kame, don kalmar kashi ba ta saba da bakinsa a gaban mace ba. Inna ba ta damu da dogon bayani ba. Ta ce tana da mai goyo, 'ya'yanta sun kai waɗannan, mu zo.

Ta kai mu bayan ɗaki, ta janye zana. Ni dai a nan ƙafata ta tsaya. Rumfa ce, da ƙasa, da ramuka, da zomaye ko'ina, kuma a cikinsu farare masu baƙin kunne ɗaya sun fi a ƙirga da kallo ɗaya. Sannan warin. Harawa da dusa da fitsarin zomo. Tun da aka shafe bayan gidanmu da siminti ban ji shi ba, ban ma san ina kewarsa ba sai da ya shige mini hanci. Na ji kamar in na juya zan ga Mama da kwano a hannu tana faɗa. Na fashe da kuka a gaban kowa, Inna tana bubbuga mini baya tana cewa, "Yi haƙuri, 'yar nan, yi haƙuri."

Mai goyon ta yi sheƙarta a cikin wata fasasshiyar randa da aka kwantar a inuwa. Inna ta kore ta gefe da ganye, ta ce wa Baba in aka sa baƙi haka kawai uwar za ta cije su, sai an shafe su da abin cikin sheƙa sun ɗauki warin gida. Ta ce ita gwiwarta ba ta durƙuso, ni in yi.

"Bari, Uwata," in ji Baba.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro safar hannu. Ya dube ta, ya mayar. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a ƙasar nan da farin wandonsa, ya zura hannu cikin randa har gwiwar hannu. Ya damƙo gashi da ciyawa da ƙwayoyin kashi, ya murtsuke su a tafinsa, ya ɗauki yaran ɗaya bayan ɗaya ya shafe su tun daga kunne har wutsiya, har bakinsu ya goga musu. Sannan ya tura su cikin 'yan'uwansu. Muka tsaya muna kallo. Uwar ta dawo, ta leƙa, ta shinshina, ta daɗe tana shinshinawa, sai ta juya ta ci gaba da cin ganyenta.

"Ta karɓa," in ji Inna. "Saura na Allah. In sun yi ƙarfi ka zo ka ɗauki abinka, Majo, ka haɗa da wasu ma. Ai duk na ƙawata ne."

Baba ya dubi ramukan, ya dubi rumfar. Na san kejinsa yake tunawa.

"A'a, Inna. Ki bar su nan. Gidana babu abin da zan ba su."

Ta kawo ruwa a ƙwarya don ya wanke hannu, ya ce ta bari sai ya je gida. Na ɗauka ruwan ne bai yarda da shi ba.

Cikin biyun, namijin bai kai labari ba, dama shi ne mai rauni. Macen, mai baƙin kunne, ta rayu, ta girma, ta hayayyafa. Da auta ya zo hutu har can ya je ya ɗebi abin bincikensa, kuma har yau halittun nan nasa 'yan Mama yake kiransu. Baba bai sake kiwon zomo ba. Shi ma yanzu ya bi Mama, an sayar da gidan, ni kuma aiki ya kawo ni Yamai. Ina kewarsu su biyun, da gardamarsu a kan kwano, kewar da ba ta raguwa. Amma duk wannan daga baya ne. A ranar ba mu san ko ɗaya zai rayu ba.

Mun iso gida rana ta take. Baba ya jingine moto a zaure, ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa. Ni kuwa na aje kwalin da babu komai a ciki, na shiga na ɗauko buta da sabulu kamar yadda na saba tun ina yarinya, na durƙusa gabansa zan zuba masa.

Bai miƙo hannu ba. Ya ɗaga tafukansa biyu, da gashin zomo maƙale a yatsu, da baƙi-baƙin ƙasa a ƙumba, ya kai su hancinsa ya rufe ido.

"Haka hannunta yake," ya ce. "Kullum ina korar ta ta je ta wanke."

Na ce, "Baba, ga ruwa."

"Aje tukuna, Uwata," ya ce. "Ba yanzu ba."

Na aje butar a ƙasa, na zauna kusa da shi.